Kowane Wasa da Irin Zuciyarsa: Sharhi Kan Juriya Daga Filin Kokowar Tawa

A shekarar 1975 aka buɗe gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karon farko a nan birnin Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya tafi da takobi. A cikin shekarar nan kuma, can Amurka, wani likita mai suna Joel Morganroth da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon binciken da suka yi da na'urar ɗaukar hoton zuciya, wadda a lokacin sabuwa ce. Ƴan wasa kashi biyu suka auna: masu dogon gudu da masu ninƙaya a gefe guda, ƴan kokowa da masu jifa da dunƙulen ƙarfe a ɗaya gefen. Dukansu zuciyarsu ta fi ta sauran mutane girma, amma girman ba iri ɗaya ba ne. Ta masu gudu da ninƙaya cikinta ne ya faɗaɗa, ta ƴan kokowa kuwa bangonta ne ya yi kauri.

Wannan magana ta shafe mu Adarawa kai tsaye. In aka ce ɗan wasa a Tawa, ko Keita, ko Buza, ko Illela, siffa ɗaya ce mutane ke hangowa: faffaɗan ƙirji, kakkauran wuya, damtsen da ya cika hannun riga, irin jikin da ya sa sunan ɗan kokowa Kadade Zambo ya zauna a bakin jama'a. Ƴan kokowa sun cancanci haka, kokowa gadonmu ce. Sai dai wannan siffa ta rufe mana ido ga wata. Yaro siriri mai dogayen ƙafafu, wanda zai bi awaki tun hantsi har la'asar bai yi haki ba, ba mai kallonsa a matsayin ɗan wasa. A Kenya ko Habasha kuwa, shi malamin wasanni zai fara riƙewa. Ƙarfi iri-iri ne, kuma kowane wasa akwai irin jikin da yake nema da irin zuciyar da yake ginawa.

Aikin da ke gudana cikin ƙirji

Tsoka ba ta iya dogon aiki sai da iskar oksijin. Huhu ke karɓar iskar, jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke ta, zuciya ta tura jinin zuwa ga tsoka, ita kuma ta ƙona abinci da iskar ta samu ƙarfi. A wannan jerin, galibi zuciya ce ke yanke iyaka. Huhun mai lafiya yana da rara, kuma horo ba ya ƙara masa wani girman kirki.

Baligi yana zaune, zuciyarsa na tura kimanin lita 5 na jini a minti guda, tana bugawa sau 60 zuwa 80. In ya zura da gudu iya ƙarfinsa, ta kan kai wajen lita 20. Manyan gwanayen wasannin juriya kuwa su kan kai lita 35 zuwa 40. Zuciyarsu ba ta fi ta kowa saurin bugu ba, domin shekarun mutum ne ke yanke iyakar saurin, horo ba ya ɗaga ta. Bambancin yana cikin yawan jinin da ke fita a bugu guda. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a Azawak ya san lissafin: mai babban wasaki zai cika komi da ja kaɗan, mai ƙaramin guga sai ya yi ta ja. Shi ya sa zuciyar gwani ke bugawa a hankali in yana hutawa, sau 40 ko ƙasa da haka. An ruwaito cewa ta Miguel Indurain, ɗan Sifaniya da ya lashe tseren keken Tour de France sau 5 a jere daga 1991 zuwa 1995, sau 28 take bugawa a minti.

Ba zuciya kaɗai ke sauyawa ba. Jinin jiki yana ƙaruwa, ƙananan jijiyoyin jini suna yawaita a cikin tsoka, haka ma ƙananan sassan tsoka da ke sarrafa oksijin, waɗanda masana ke kira mitokondiriya. Tun shekarun 1920 masanin nan ɗan Ingila A. V. Hill ya nuna cewa kowane jiki na da iyakar oksijin da zai iya sha a minti guda, komai ƙoƙarin mai shi. Ana auna wannan iyaka da mililita a kan kowane kilo na nauyin jiki. Saurayin da ba ya horo yana tsakanin 35 da 45, manyan masu dogon gudu suna tsakanin 70 da 85. A 2012 an auna wani matashin ɗan tseren keke na ƙasar Norwe, Oskar Svendsen, aka samu 97.5. Amma yaron ya bar wasan da ƙuruciyarsa ba tare da ya zama zakaran manya ba. Ashe lambar ita kaɗai ba ta cin gasa. Sai an haɗa da wasu abubuwa biyu: kashi nawa na wannan iyaka mutum zai iya riƙewa na tsawon sa'o'i, da kuma yadda jikinsa ke tattalin iskar a kowane taku.

Jikin mai gudu

Mai gudu shi ke ɗauke da kansa. Kowane kilo da ke jikinsa sai ya ɗaga shi ya sauke dubban lokuta, don haka gudun fanfalaki, mai nisan kilomita 42 da mita 195, yana tace masu nauyi ya bar marasa nauyi. Wannan nisa bai gaza tafiyar Tawa zuwa Tabalak da yawa ba. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya cinye shi cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, a wani gwaji na musamman da ba a lissafa cikin bajintar gasa ba, tsawonsa mita 1.67 ne, nauyinsa wajen kilo 52. A filin kokowar Hamidin Maidare na Tawa ba wanda zai waiwaye shi.

Masu bincike daga Danmak da suka auna ƴan ƙabilar Kalenjin, wadda yawancin zakarun Kenya suka fito daga cikinta, sun lura da sirantar ƙwaurinsu. Nauyin da ke can ƙarshen ƙafa shi ya fi cin ƙarfi wajen lilo da ita, saboda haka mai siririn ƙwauri yana kashe iska kaɗan a kan saurin da wani zai kashe da yawa. Ƙaramin jiki kuma ya fi saurin fitar da zafi. Ga wani amfani: dirar ƙafa a ƙasa tana ƙarfafa ƙashin ƙafa da na ƙugu.

Jikin mai keke, da mai kwale-kwale, da mai ninƙaya

Mai keke a zaune yake, ƙarfe ne ke ɗauke da shi. Wannan ya ba shi damar yin awa 5 ko 6 yana aiki a rana, abin da gwiwar mai gudu ba za ta jure ba. Tour de France mako 3 ake yi, a cinye kusan kilomita 3,500, shi ya sa zukatan ƴan tseren keke ke cikin mafi faɗi da aka taɓa aunawa. Cinyoyinsu cike, hannayensu sirara. A cikinsu ma akwai bambanci: masu hawan duwatsu ba sa wuce kilo 60 da ƴan kai, masu fizgar ƙarshe a shimfiɗaɗɗiyar hanya sun fi su tsoka da nauyi, irin Biniam Girmay na Eritiriya da ya ci koriyar rigar Tour de France a 2024. Amma keke na da nasa haraji. Tun da ƙafa ba ta dira ƙasa, sau da yawa a kan tarar ƙashin manyan ƴan keke bai kai na masu gudu ƙwari ba.

Tseren kwale-kwale shi ne ya haɗa ƙarfi da juriya wuri guda. Nisansa mita 2,000 ne, gwanaye na gama shi cikin minti 6 zuwa 7. Ruwa ke ɗauke da nauyi, don haka girma riba ne: manyan matuƙa maza sun kan haura mita 1.90, nauyinsu kilo 90 zuwa 100. A kowane ja, matuƙi na danna ƙafa ya matse ciki, jini ya hau, sannan kuma zuciya na tura jini mai yawa ba tsayawa. Sai ta faɗaɗa kuma ta yi kauri. A 1991 likitan Italiya Antonio Pelliccia ya auna manyan ƴan wasa 947. Mutum 16 kaɗai aka samu kaurin bangon zuciyarsu ya kai milimita 13, kuma 15 daga ciki matuƙan kwale-kwale ne, ɗaya ɗan keke. Wannan ya gyara abin da aka fahimta tun 1975: ba masu ɗaga nauyi ne suka fi kaurin zuciya ba, waɗanda suka haɗa nauyi da dogon aiki ne. Nijar ta taɓa leƙa wannan fage. A gasar Olimfik ta Landan a 2012, Hamadu Jibo Isaka ya shiga tseren bayan horon watanni 3 kacal, ya zo na ƙarshe, jama'a suka miƙe suna masa tafi. Ya nuna jarumta, ya kuma nuna cewa zuciyar da aka gina cikin shekaru 10 ba a kamo ta cikin wata 3.

Mai ninƙaya a kwance yake aiki, jini na komawa zuciya cikin sauƙi, ruwa na sanyaya jiki. Abin da wasan ke nema shi ne dogon gangar jiki, faffaɗar kafaɗa, manyan tafin hannu da na ƙafa. Michael Phelps na Amurka, mai lambar zinare 23 a Olimfik, tsawonsa mita 1.93 ne, amma in ya buɗe hannuwa faɗinsu ya haura mita 2. Masu ninƙaya ne kuma ƴan wasan da aka fi samu da manyan huhu. A ƙasashen sanyi akwai masu tseren sulɓi a kan dusar ƙanƙara da sanduna biyu, waɗanda hannu da ƙafa da baya ke aiki lokaci guda. Da yake kusan duk tsokar jiki na neman jini, a cikinsu ake yawan samun mafi girman awon oksijin. A kansu ne ma wani likitan Suwidin mai suna Henschen ya fara bayanin babbar zuciyar ɗan wasa a 1899, ta hanyar ƙwanƙwasa ƙirjinsu da yatsa.

Ina ɗan kokowa a cikin wannan?

Kokowa ba wasan juriya ba ce zalla. Aikinta riƙo ne, da turjiya, da fizga. Lokacin da mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura da dukkan ƙarfinsa, jini na hawa na ɗan lokaci. Awon da likitocinmu ke cewa 12 bisa 8, an auna shi ya haura 30 a jikin masu ɗaga nauyi a daidai lokacin yunƙuri. Jikin da ya saba da haka tsoka yake tarawa da ƙashi mai ƙwari. Da yake kuma gasar takobi ba ta raba ƴan kokowa bisa nauyi, girman jiki na da rana.

Amma duk mai bin kokowa ya sha ganin ƙato ya mamaye abokin karawarsa a mintocin farko, daga baya ya buɗe baki yana haki, hannu ya saki, ƙarami ya kai shi ƙasa. Numfashi ne ya ƙare masa. A gasar ƙasa, inda jihohi 8 ke kawo ƴan kokowa goma-goma, a yi kwanaki ana karawa, wanda zai kai ƙarshe sai mai saurin farfaɗowa tsakanin wannan karo da na gaba, kuma farfaɗowa aikin zuciya ne da jini. Ɗan kokowar da ke gudun sassafe a kan tudun rairayi ba ɓata tsokarsa yake ba, tanadin minti na goma yake yi. Masu horar da ƴan wasan jihar Tawa ya kamata su ba wannan ɓangare haƙƙinsa kamar yadda suke ba dabarun kaye.

Gado, horo da ƙasa

Shin wasa ne ke gina jiki, ko jiki ne ke zaɓen wasa? Duka biyun. Tsawo, da tsawon ƙafa, da faɗin kafaɗa, halitta ce, horo ba ya sauya su. Ninƙaya ba ta ƙara wa Phelps tsawon hannu ba, tsawon hannun ne ya taimake shi ya yi fice. Zuciya, da jini, da tsoka kuwa suna karɓar horo, ko da yake ba daidai wa daida ba. A wani babban bincike da Claude Bouchard ya jagoranta a Amurka da Kanada, an ba ɗaruruwan mutane horo iri ɗaya na mako 20. Wasu awonsu ya ɗaga ƙwarai, wasu da ƙyar ya motsa, kuma ƴan gida ɗaya sun fi kama da juna a sakamakon.

Ƙasa ma na da hannu. Garin Iten na Kenya yana bisa tudun mita 2,400, Bekoji na Habasha ya kai wajen 2,800. A can iska ba ta da kauri, sai jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Tawa ba ta kai mita 400 ba, duwatsun Adar ma ba su kai tsayin da zai yi wannan aiki ba. Abin da muke da shi zafi ne. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, awon zafi na haura 40. Mai gudu a irin wannan yanayi jininsa rabuwa yake biyu, wani ga tsoka, wani ga fata don sanyaya jiki, ga gumi na kwashe lita ɗaya zuwa biyu a awa. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka yi gudun fanfalaki na mata don gudun zafi, duk da haka 28 cikin 68 ba su ƙarasa ba. Sai dai jiki na sabawa da zafi cikin mako biyu: ruwan jini ya ƙaru, gumi ya fara fita da wuri. Turawa na kashe kuɗi su shiga ɗakunan zafi don samun abin da ɗan Abalak ke tashi da shi. Hikimar ita ce a yi babban horo da asuba da kuma lokacin ɗari, a rage shi ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, in azumi ne kuma a bari sai bayan buɗa baki.

Wahala daban, horo daban

Wani zai ce, mu da muke noma da kiwo, wane horo kuma? Gaskiya ne mutanen Adar sun san aikin ƙarfi. Matan da suka kwashi duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasa a aikin Keita tun daga 1984, da makiyayan da ke kora dabbobi a ƙasa har Ingal, da ƴan ga-ruwa, da ƴan cirani masu dako a Abijan, ba mai koya musu juriya. Amma binciken da aka yi a Turai kan ma'aikatan ƙarfi ya nuna cewa aikin yini guda ba ya ba zuciya ribar da motsa jiki na ganin dama ke ba ta. Dalilin a fili yake. Horo yana da lokacin matsa jiki da lokacin hutu, kuma a cikin hutun ne jiki ke ginuwa. Wahala kuwa ba ta da hutu, ga ƙarancin abinci, ga zazzaɓin cizon sauro da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini. Yaro ko yarinya mai ƙarancin jini ba za su nuna baiwarsu ba ko da zuciyarsu ta zakara ce. Abinci kam ba sai an je nesa ba. Zakarun Kenya tuwon masara suke ci da ganye da shayi mai madara. Gero, da wake, da nono, da zogale ba su gaza wannan ba, in dai sun wadata.

Babbar zuciya mai lafiya da marar lafiya

Nan ne maganar ta fi nauyi. Akwai ciwon gado da ke sa bangon zuciya ya yi kauri fiye da kima, kuma a hoto ya kan yi kama da zuciyar ɗan wasa. Shi ne aka gano a jikin Marc-Vivien Foé na Kamaru bayan ya faɗi a fili a birnin Liyon a watan Yunin 2003. Kafin shi, Samuel Okwaraji na Najeriya ya faɗi ya rasu a Legas a 1989 ana tsakar wasa da Angola. Likitoci na da hanyar rarrabewa. Zuciyar ɗan wasa tana saki ta cika da kyau, kuma in ya yi watanni bai yi horo ba ta kan ragu, marar lafiya kuwa ba ta raguwa. An kuma gano cewa ƴan wasa baƙar fata su kan fi Turawa kaurin bangon zuciya kaɗan ba tare da ciwo ba, don haka mai karanta awon sai ya san wannan, kar ya hana mai lafiya wasa, kar kuma ya sallami marar lafiya.

Alamun da ba a wasa da su sanannu ne: suma a tsakar wasa, ciwon ƙirji, bugun zuciya barkatai, ko a ce wani ɗan uwa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya. Mai zazzaɓi ya dakata da horo har ya warke. Mai ɗauke da gadon sikila ya kiyayi matsa jiki cikin rana da ƙishirwa. Ƙwayar tiramol da wasu matasa ke haɗiya don kashe gajiya ba ta ƙara wa zuciya komai, gargaɗin jiki kawai take toshewa. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, ƙara jini da allura ya hallaka suna da lafiya. A kan haka ne a 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong nasarorinsa 7 na Tour de France. Su kansu waɗanda suka shafe shekaru masu yawa suna matsanancin horon juriya, an fi samun rikicewar bugun zuciya a cikinsu in sun manyanta. Wannan ba hujjar zama wuri ɗaya ba ce. Ga sauran jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma ribar hakan ta fi haɗarinsa nesa ba kusa ba, musamman yanzu da babur da zaman kanti suka rage wa mutanen birni tafiyar ƙafa, hawan jini da ciwon suga kuma suna ƙaruwa.

Abin da ya rage mana

Bekoji ƙaramin gari ne na manoma. Daga cikinsa Derartu Tulu ta fito ta ci zinaren mita 10,000 a Basalona a 1992, daga baya Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka biyo. Wanda ya fara horar da su malamin motsa jiki ne na makarantar garin, Sentayehu Eshetu, ba shi da wata na'ura sai ido da agogo da naci. Tudun Bekoji ba mu da shi, amma malamai muna da su, agogo kuma yana cikin kowace wayar salula.

Abubuwa uku ba su fi ƙarfinmu ba. A tsara tseren makarantu duk shekara lokacin ɗari a Tawa, Keita, Abalak da Cintabaradan, maza da mata, a rubuta sunaye da lokutan da suka yi, a bi diddigin waɗanda suka yi fice. A sa gwajin zuciya da awon jini su zama sharaɗi ga duk ɗan kokowa ko ɗan ƙwallo kafin ya shiga sansanin horo, domin rigakafi ya fi magani. Sannan Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa da likitocin jiha su haɗa hannu su auna ƴan wasanmu, mu san yadda zuciyar Ba'adare mai lafiya take, kar kullum mu dogara da awon da aka yi a kan wasu. Jihar da take iya tara dubban mutane don kallon kokowa ba za ta kasa shata hanyar tsere ta kilomita 5 ba. Hukumomin wasanni, da shugabannin makarantu, da attajiran da ke zuba kyaututtuka a filin kokowa, su ne za su fara wannan aiki, kuma lokacin ɗari mai zuwa ya isa a fara.